Ruwan da Zogale Ya Sha

A garin Kagara, kusa da Goronyo, akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Tana da ƙoƙari a makaranta. Tana da tsafta. Aibinta ɗaya ne: ba ta son a yi mata dariya. In ƙawayenta suka ce abu baƙi ne, to baƙi ne, ko da idonta ya ga fari.

Tana da ƙane, sunansa Musaddiƙ. Shekararsa tara, amma in ka gan shi sai ka ce ɗan shida ne. An haife shi da sikila, ciwon da ke cikin jini. In ciwon ya tashi, ƙasusuwansa ke ciwo har ya kasa tsayuwa.

Kowane wata Baba yakan ɗauke shi a babur zuwa asibiti a Goronyo. A can akwai wata nas, Malama Rabi'atu. Ita ke duba yara masu sikila. Kullum maganarta ɗaya ce.

"Ya sha maganinshi da sahe. Ya kwana cikin gidan sauro. Kuma ruwa, ruwa, ruwa! Kada ku bari ya ji ƙishirwa. In jikinshi yab bushe, ciwon zai tashi."

Don haka Baba ya saya masa gorar roba shuɗiya. Inna ke cika ta daga randa. In ya shanye, sai ya kawo ta sake cikawa. Duk inda ka ga Musaddiƙ, gorar na rataye a wuyansa.

Sai watan azumi ya kama, a tsakiyar bazara. Zafin Goronyo a bazara ba wasa ba ne. Ko akuya ba ta barin inuwa. A wannan shekarar ce yarinyar ta fara kai azumi har magariba, kuma tana ji da kanta sosai.

Yaran Kagara suna da wata al'ada. Kafin a shiga Islamiyya da yamma, sukan taru a gindin darbejiyar ƙofar makaranta. Kowa sai ya fito da harshensa a duba. In harshe ya yi fari ya bushe, mai shi yana azumi. In ya yi ja da danshi, sai a sa masa ihu.

Wa ya naɗa su alƙalai? Babu. A wane littafi aka ce a duba harshen mutum? Babu. Amma manya na wucewa, suna gani, suna dariya, wai wasan yara ne. Wannan wasa yana ba ni haushi ƙwarai.

Shugabar masu dubawa ita ce Ikilima, ƙawar yarinyar. Ran nan Ikilima ta hango Musaddiƙ da gorarsa.

"Kai, hito da harshenka!"

Musaddiƙ ya fito da shi. Ja wur, da danshinsa. Yara suka sa ihu.

Ikilima ta juya wajen yarinyar. "Ke, gidanku ba a azumi na? Ƙanena sa'anshi na, kuma yana kai azumi. Naku kau yana yawo da gora awa ɗan akuya da ƙararrawa."

Aka kwashe da dariya. Musaddiƙ ya sunkuyar da kai. Ita kuwa yayarsa, maimakon ta tsaya masa, sai ta matsa gefe kamar ba ta san shi ba.

Da suka koma gida ta tarar da Inna tana suyar ƙosai na sayarwa.

"Inna, don mi Musaddiƙ ba ya azumi? Dariya aka yi muna."

"Ba shi da lahiya, kin sani," in ji Inna. "Kuma yaro na. Azumi bai hau kanshi ba."

"To ko rabin yini?"

"Ko rabin rabi. Tashi ki miƙo min matsami."

Yarinyar ta miƙa, tana kumbure-kumbure. Ita a ganinta Inna shagwaɓa shi kawai take yi.

Bayan an sha ruwa, ta ja ƙanenta bayan ɗaki. A wurin akwai wani ɗan zogale da Inna ta dasa. Zafi ya ƙone shi, ya zama kamar tsinke.

"Kana son su daina yi maka ihu?" ta tambaye shi.

"Ina so, Yaya."

"To gobe ka ɗauki azumi."

"Inna na duba gorata. In ba ta ga na shanye ba, za ta gane."

Yarinyar ta nuna masa zogalen. "Ka zuba nan. Abincin rana kau ka ba akuya. Magani ka sha da sahur. Wa zai sani?"

Musaddiƙ ya dubi zogalen. Sannan ya ce, "Malama Rabi'atu ta ce kada in ji ƙishirwa."

"Malama Rabi'atu ta hi Allah na? Kai ba namiji ba na?"

Ku ji fa! Yarinyar da ba ta gama izu biyu ba, ta zama mai ba da fatawa. Gaskiyar Hausawa, ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Washegari Musaddiƙ ya ɗauki azumi a ɓoye. Baba yana fadama wajen cirar albasa. Inna tana fama da niƙa da suya. In ta cika gora, sai ya zagaya bayan ɗaki ya juye. Ya dawo da ita fayau.

"Yawwa ɗan albarka," in ji Inna. "Haka nika so."

Da yamma, a gindin darbejiya, ya fito da harshensa. Fari fat. Yara suka tafa masa. Ikilima ta ce, "Yanzu kaz zama mutum." Yarinyar ta ji kanta ya yi girma.

Haka aka yi kwanaki. Zogale ya fara toho. Akuya ta yi ƙiba. Musaddiƙ kuwa leɓɓansa suka tsage, idanunsa suka yi ruwan ɗorawa.

Wata safiya Inna ta je shanya bayan ɗaki. Ta ga ganye kore shar a jikin zogalen.

"Ikon Allah!" ta ce. "Zogalen ga da nay yanke ƙauna, shi na yah hwarhwaɗo?"

Yarinyar tana ji, ta yi kamar ba ta ji ba.

A ranar, bayan azahar, Musaddiƙ ya kama hannunta. "Yaya, ƙahwata na ciwo. Bari in sha ko kaɗan."

"Haba! Yanzu da rana tay yi nisa? Daure. In kas sha, Ikilima za ta gane."

Ya daure. Ya bi ta Islamiyya yana ɗingishi.

Malam Shittu ne malaminsu. Dogo ne, ba ya wasa da ibada, yara suna jin nauyinsa. Yana cikin biya karatu sai aka ji ƙara. Musaddiƙ ne ya faɗi a tabarma. Ya dunƙule, yana riƙe da ƙafafunsa, yana ihu.

"Wayyo ƙashina! Wayyo Inna!"

Malam Shittu ya ajiye littafi. Ya sungumi yaron, ya yi waje da gudu. Ya biya gida ya ɗauki Inna a baburinsa, suka nufi Goronyo. Aka aika fadama aka kira Baba. Shi ma ya ɗauko yarinyar, suka bi bayansu.

A asibiti, Malama Rabi'atu ta buɗe idon Musaddiƙ ta duba. Ta duba bakinsa. Ta ja fatar hannunsa ta saki. Fuskarta ta canza. Nan da nan aka sa masa ƙarin ruwa, aka yi masa allurar rage ciwo, aka ɗebi jininsa don gwaji.

Sannan ta juyo wajen Inna. "Yana shan ruwa kau?"

"Kullum," in ji Inna. "Ni ka cika mishi gora da hannuna, kuma yana shanyewa."

"A'a. Wanga jiki ya daɗe bai ga ruwa da rana ba. Ku hwaɗa min gaskiya."

Inna ta shiga tunani. Sai ta tuna da ganyen nan kore shar. Ruwa ba ya tsami banza. A hankali ta juyo ta dubi 'yarta.

"Ke. Wa ka ba zogale ruwa?"

Yarinyar ta fashe da kuka. Ta faɗi komai: harshe, Ikilima, gora, akuya. Ba ta rage ba.

Malama Rabi'atu ta dafe ƙugu. Ranta ya ɓaci ƙwarai.

"Azumi? Yaro mai sikila, cikin wanga zahi? Kin san mi ka hwaruwa? In babu ruwa, jininshi ka yin kauri, ya maƙale cikin jijiya. Shi na ciwon da kika ji yana ma ihu. Muna nan muna hwama mu raya yaro, ku kuna can kuna duba harshe!"

Baba bai taɓa yarinyar ba. Inna ma ba ta dake ta ba. Ta dai juya mata baya. Da ma dukanta aka yi, da ya fi mata sauƙi.

Suka kwana a asibiti. Da safe likita ya zo da sakamakon gwaji. Ya ce jinin Musaddiƙ ya yi ƙasa sosai. Sai an ƙara masa jini, kuma yau, ba gobe ba.

Baba ya miƙa hannu. Aka gwada, aka ce nasa bai dace ba. Na Inna ma haka. Baba ya fita waje yana ta kiran 'yan uwa a waya. Wannan yana kasuwar Gandi. Wancan ya ce sai bayan an sha ruwa. Wani ma ya ce shi tsoro yake ji, wai in an ɗebi jinin mutum ba ya dawowa. Ji wata magana! Yaro yana kwance, babban mutum yana tsoron allura.

Yarinyar ta zauna a bakin ƙofar ɗakin yara, ta haɗa kai da gwiwa. A gadon kusa da ƙofa akwai wata yarinya ramammiya, kanta babu gashi ko ɗaya. Mahaifiyarta tana ba ta kunu da cokali.

"Sunana Rahama," in ji ramammiyar yarinyar. "Daga Giyawa muke. Ƙanenki na wancan?"

"I. Ke mi ka damunki?"

"Ciwon daji. Sakkwato aka yi min magani. Maganin na yaz zubar min da gashi, amma likita ya ce zai hito." Ta kurɓi kunu. "Ni ma yaran garinmu sun ce ba ni azumi. Innata tab bi su da muciya."

Mahaifiyar ta yi tsaki. "Ai kaɗan nay yi musu. Ɗiyata na neman rai, su suna neman abin dariya."

Yayar Musaddiƙ ta kasa ɗaga ido. Ita ba muciya ta ɗauka don ƙanenta ba. Ita ce ma ta taya masu dariyar.

Wajen hantsi sai ga Malam Shittu ya dawo dubiya. Da ya ji abin da ake ciki, bai tsaya dogon zance ba. Ya naɗe hannun riga.

"Ku gwada nawa."

Aka gwada. Ya dace. Aka kwantar da shi, aka ɗebi leda guda. Yarinyar tana leƙe ta taga. Ta ga an rataye ledar a kan gadon Musaddiƙ, jinin yana sauka ɗis-ɗis.

Da Malam ya tashi zai fita, sai jiri ya kwashe shi. Ya dafa bango, gumi yana keto masa. Malama Rabi'atu ta zaunar da shi a benci, ta miƙo masa kofin ruwa.

"Sha, Malam. In ba ka sha ba, hwaɗuwa za ka yi."

Rana tana tsaka. Watan azumi ne. Yarinyar ta zaro ido.

"Malam! Azuminka!"

Malam Shittu ya dube ta. Ya ce, "Bismillahi." Ya kafa kai ya shanye ruwan tas, a gaban kowa.

Sannan ya ce, "Zo nan. Kin ga na sha?"

"Na gani, Malam."

"Za ki duba harshena?"

Ta girgiza kai, hawaye na zuba.

"Wanga azumi zan rama shi bayan Salla. In ƙanenki yam mutu hwa, wa zai rama miki shi?"

Malam ya ci gaba.

"Allah da yaw wajabta azumi, Shi yay yi ma mara lahiya sauƙi. Shi yaɗ ɗauke ma yaro. Ke wa ta da za ki ɗora abin da Allah yas sauke? Kuma a ƙohwar makarantata kunka yi wanga aiki! Wallahi raina ya ɓaci."

"Malam, ka yi haƙuri. Na tuba."

"Ba ni kinka cuta ba. Ga wanda kinka cuta can kwance."

Da la'asar Musaddiƙ ya buɗe ido. Leɓɓansa sun fara ja. Yarinyar ta durƙusa a gefen gadon.

"Ka yahe min. Ni nas sa ka."

Ya dube ta. Da ƙyar muryarsa ke fita. "Yaya, ƙishirwa nika ji."

Ta zabura ta ɗauko shuɗiyar gora. Ta cika ta. Ta tallafi kansa, ta kai masa baki. Inna tana kallo daga gefe. Sai a lokacin ta yi wa 'yarta magana.

"A hankali, kada ya ƙware."

Bayan mako guda aka sallame su. Kafin su fita, Malama Rabi'atu ta rataya wa yarinyar gorar a wuya.

"Daga yau ke ta mai gora. In ya ƙi sha, ki hwaɗa ma Inna. In kin ga idonshi ya canza, ko ya ce wani wuri na ciwo, kada ki ce ya daure. Asibiti za a kawo shi."

Baba kuma ya ƙara mata aiki. Ya ce tunda ita ta koya wa zogale shan ruwa, ita za ta riƙa ɗebo masa daga rijiya kullum. Guga yana da nauyi, ga azumi. Amma ba ta yi ƙorafi ba.

Ranar da Musaddiƙ ya koma Islamiyya, yara suna gindin darbejiya. Malam ya riga ya hana duba harshe. Amma mai hali ba ya fasa halinsa da wuri. Ikilima ta leƙa, ta ga Malam bai iso ba.

"Ɗan gora ya dawo! Hito da harshe mu gani!"

Wasu suka fara dariya. Yarinyar ta dube su. Har yanzu ba ta son dariya. Amma ta tuna da ledar jini. Ta cire gorar daga wuyanta, ta buɗe, ta miƙa wa ƙanenta.

"Sha."

Musaddiƙ ya dubi yaran. Ya dubi yayarsa. Ya sha, maƙogwaronsa yana ƙwat-ƙwat.

Yarinyar ta juyo. "Ikilima, ƙanena ya kusa mutuwa saboda dariyarki da wautata. Ruwa maganinshi na. Wanda duk zai yi mishi ihu, ya hwara da ni. In kuma harshe kika son dubawa, ga Malam can tahe. Shi ma ya sha ruwa da rana, don ya ceci Musaddiƙ. Tahi ki duba nashi."

Ikilima ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Ni ban san abin zai kai haka ba. Musaddiƙ, ka yi haƙuri."

Da aka shiga aji, Malam Shittu ya kira Musaddiƙ gaba.

"Kana son ladan azumi?"

"Ina so, Malam."

"To wanda yac ciyar da mai azumi yana samun lada irin nashi. Daga yau kai ka raba dabino a masallaci in an kira magariba."

Musaddiƙ ya washe baki. Tun daga ranar, kullum yana ƙofar masallaci da faranti a hannu da gora a wuya. Har Ikilima takan aiko ƙanenta ya karɓo mata.

Ranar Salla, bayan an sauko daga idi, Inna ta zagaya bayan ɗaki. Zogale ya yi ganye sosai. Ta tsinko, ta dafa, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasar gonar Baba. Ta ajiye kwanon a gaban Musaddiƙ.

"Ungo. Ruwanka na yas sha. Ci abinka."

Baba ya yi dariya. Yarinyar ma ta yi, tana share ido. Musaddiƙ ya tura mata kwanon tsakiya.

"Yaya, sa hannu. Ai ke ma kin sha jan guga."

Suka cinye tare, ya kora da ruwan gorarsa.

Yara, ku riƙe wannan. In likita ya ba mara lafiya doka, kada ku sa shi ya karya ta. Kada ku yi wa mai ciwo dariya, kuma kada tsoron dariya ya sa ku cuci naku. Abin da ba ku sani ba na addini, ku tambayi malam. Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba zai iya ba, ku ma kada ku ɗora.